Yadda Ake Tafiya a Jirgin Ruwan Haya a Gaɓar Arewacin Norway

Kowace rana ta Allah, da misalin ƙarfe takwas da rabi na dare, jirgin ruwa yana tashi daga Bergen, birnin da ke kudu maso yammacin Norway, ya nufi arewa. Sai ya kwana shida a kan ruwa kafin ya isa Kirkenes, garin da ke dab da iyakar Rasha, sannan ya juyo. Tashoshi 34 ne a kan hanyar, wasu birane ne, wasu kuma ƙauyukan masunta da ke manne a gindin dutse. Tun 1893 ake wannan zirga-zirga, lokacin da wani kyaftin mai suna Richard With ya fara kai wasiƙu da fasinja daga Trondheim zuwa Hammerfest. Kafin nan, wasiƙa kan yi makonni a hanya da bazara, da hunturu kuwa watanni. Yau kamfanoni biyu ne ke riƙe da hanyar bisa kwangilar gwamnati: Hurtigruten da jirage bakwai, da Havila da jirage huɗu, wanda ya shigo a 2021.

Abin da nake so ka fara riƙewa shi ne, wannan jirgin haya ne. Masu yawon buɗe ido sun cika shi, gaskiya ne, kuma tallan da za ka gani a intanet na masu sayen tafiyar gaba ɗaya ne, zuwa da dawowa, da abinci sau uku. Amma gwamnati tana biyan kamfanonin ne don su ɗauki mutanen gaɓar da kayansu, ko da rani ko da sanyi. Duk wanda ya gane haka zai sayi tikiti irin na ƴan gari, ya hau inda yake so, ya sauka inda yake so, ya kashe kuɗi kaɗan, kuma ya fi ganin ƙasar.

Takardu tukuna

Norway ba ta cikin Tarayyar Turai, amma tana cikin yankin Shengen, rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya. Mai fasfon Najeriya, Nijar, Gana, Kamaru, Chadi ko Sudan sai da bizar Shengen. Ana iya neman ta tun saura wata shida a tafi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya: ka nema da wuri. Za a buƙaci inshorar lafiya ta tafiya wadda ta kai yuro 30,000, da shaidar masauki, da tikitin dawowa. Takardar da kamfanin jirgin zai aiko maka bayan ka biya, ka buga ta a takarda ka haɗa da sauran, domin ita ce za ta nuna inda za ka kwana a waɗannan darare. Wanda ke zaune a wata ƙasar Shengen da izinin zama, wannan matakin bai shafe shi ba.

Kuɗin ƙasar kurona ne, amma da wuya ka ga mai biya da takardar kuɗi. Kati ake amfani da shi ko kofin shayi za a saya. Ka tabbatar katin bankinka yana aiki a ƙasashen waje kafin ka bar gida, kuma in da hali ka riƙe biyu.

Zaɓen lokaci

A nan ne mutane suka fi yin kuskure, domin arewacin Norway kusan ƙasa biyu ce, ta bazara daban, ta hunturu daban. A Tromsø rana ba ta faɗuwa daga wajen 20 ga Mayu zuwa wajen 22 ga Yuli. Ƙarfe goma sha biyun dare za ka tsaya a saman jirgi kana karanta takarda ba fitila. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu kuwa rana ba ta leƙowa sam, sai wani haske shuɗi-shuɗi na ƴan awoyi da tsakar rana, kamar bayan magariba. A wannan duhun ne, daga ƙarshen Satumba zuwa Maris, ake ganin hasken nan kore da ke rawa a sararin sama idan babu gajimare.

Teku ba ta daskarewa a wannan gaɓar duk da nisanta a arewa, saboda ruwan ɗumi da ke gangarowa daga yankin tekun Meziko yana bin gefen ƙasar. Shi ya sa jirgi ke tafiya duk shekara. Sai dai guguwa ta fi yawa da hunturu, tikiti kuma ya fi tsada da bazara. Ga wanda bai taɓa shiga sanyi mai tsanani ba, ni dai shawarata farkon Mayu ko farkon Satumba: akwai haske, cunkoso da sauƙi, kuma dare da rana suna nan a rarrabe yadda za ka yi sallolinka ba ruɗani, musamman a Satumba. Wanda ke son ganin hasken sama ya zaɓi ƙarshen Fabrairu ko Maris, lokacin da rana ta dawo amma dare bai gajarce ba.

Zaɓen zango

Ba dole ba ne ka yi tafiyar duka. Jirgin ƙasa daga Oslo yana zuwa Bergen cikin awa bakwai, haka nan akwai wanda ke zuwa Trondheim, daga can wani ya kai ka Bodø cikin wajen awa goma. A Bodø layin dogon ya ƙare, kuma daga nan ne ainihin arewa ta fara. Idan kwanakinka kaɗan ne, ka hau a Bodø.

Jirgin da ya nufi arewa yana barin Bodø da yamma, wajen la'asar, ya ƙetare faffaɗan ruwan Vestfjord cikin awa huɗu zuwa tsibiran Lofoten, ya tsaya Stamsund da Svolvær da dare, ya isa Tromsø washegari bayan azahar. Daga Tromsø zuwa Kirkenes kwana biyu ne, ta Hammerfest, Honningsvåg, sannan ƙananan tashoshin Finnmark, yankin ƙarshen arewacin ƙasar: Kjøllefjord, Mehamn, Berlevåg, Båtsfjord, Vardø da Vadsø. A wannan yankin bishiyoyi suke ƙarewa, sai dutse tsirara da teku.

Akwai wata dabara a jadawalin da ya kamata ka sani kafin ka biya. Yawancin wuraren da jirgi ke wucewa da dare idan zai tafi arewa, da rana yake wuce su idan yana dawowa. Don haka ka fara tambayar kanka me kake son gani, sannan ka duba wane jirgi ne ke bi ta wurin ido na ganin ido. Zangon da na fi so, kuma mafi araha, shi ne na jirgin da ke gangarowa kudu daga Harstad da safe zuwa Svolvær da maraice. Wuni ɗaya ne, ba kwana, ba kuɗin ɗaki. Yana bi ta Risøyhamn, Sortland da Stokmarknes, inda aka ajiye wani tsohon jirgin hanyar, Finnmarken na 1956, cikin ginin gilashi. Daga nan sai ya shiga Raftsund, siririn mashigi tsakanin duwatsu, kuma idan yanayi ya yi kyau da bazara ya kutsa Trollfjord, wani lungun ruwa tsakanin duwatsu wanda bakinsa bai fi faɗin mita 100 ba. Za ka ga jirgi mai tsawon fiye da haka yana juyawa a hankali a cikin ramin dutse, mutane sun yi tsit a saman bene.

Sayen tikiti

Ka shiga shafin Hurtigruten ko na Havila, ka nemi sashen tikitin tasha zuwa tasha, ba na yawon shaƙatawa ba. Ka rubuta sunayen garuruwan yadda suke a rubuce. Ranar da ka zaɓa ita ke nuna jirgin wane kamfani ne zai zo, tun da jirgi ɗaya ne ke wucewa kusan kowace tasha zuwa arewa a rana, ɗaya kuma zuwa kudu. Idan ba ka ga ranarka a shafin ɗaya ba, to tana wurin ɗayan.

Tafiyar da ba ta kai kwana guda cur ba, ana iya yin ta ba ɗaki. Za ka zauna a falo, ka ajiye jakarka a ɗakin kaya, ka ɗan kishingiɗa a kujera kamar yadda ɗalibai da masunta ke yi. Dare ɗaya ana jure shi. Fiye da haka sai da ɗaki. Ɗakin da ba taga ya fi araha, kuma da bazara alheri ne, domin shi kaɗai ne inda za ka samu duhun barci. In kana da saurin jiri, ka roƙi ɗaki a tsakiyar jirgi, a benen ƙasa-ƙasa. Goshin jirgi da bayansa su suka fi rawa. Mace mai tafiya ita kaɗai ko iyali da yara, ɗaki ya fi musu kwanciyar hankali ko da daren ɗaya ne, ga banɗaki da wurin alwala a ciki.

Ka sauke manhajoji biyu a waya: Entur, wadda ke haɗa jadawalin bas, jirgin ƙasa da ƙananan jiragen fito na ƙasar duka, da Yr, ta hasashen yanayi. Ƙananan jiragen nan masu gudu, kamar na Tromsø zuwa Harstad, da jirgin fiton motoci na Bodø zuwa Moskenes, su za su cike maka giɓi idan lokacin babban jirgi bai yi maka daidai ba.

Abin da za ka saka a jaka

Sanyin hunturun gida, ko na Jos ne, bai shirya maka jiki don iskar tekun Barents, na can ƙarshen arewa, ba. Ko a Yuli, saman jirgi da dare sai da rigar sanyi. Sirrin ba riga ɗaya mai kauri ba ce, sutura hawa-hawa ce: ta ulu mai laushi a jikin fata, riga da wando, sai suwaita a kai, sai jaket mai tare iska da ruwa a waje. Ka guji auduga a jikin fata, domin idan ka yi gumi tana riƙe danshi, sanyi ya kama ka daga ciki. Safar ulu, safar hannu, hular da ke rufe kunne, da takalmi mai kaurin ƙasa wanda ruwa ba ya shiga. Da hunturu ka sayi ƙusoshin ƙarfe masu maɗaurin roba da ake ɗaura wa takalmi, ana sayar da su a kantunan garuruwan, saboda bakin tasha kan zama ƙanƙara santsi kamar gilashi. Man shafawa mai kauri da na leɓe ma kada ka manta, fata na tsagewa kamar lokacin buji.

Abu ɗaya da ba za ka saka ba: kilishi, dambun nama, man shanu ko wani abu na nama da madara. Dokar ƙasar ta hana shigo da su daga wajen Turai, kuma za a karɓe a filin jirgi.

Ranar hawa

A Bergen akwai ginin tasha na musamman inda ake rajista da karɓar kaya. A ƙananan garuruwa kuwa sau da yawa babu komai sai dandamalin siminti da sito da fitila. Ka isa da rabin awa a hannu, ka tsaya inda aka keɓe wa fasinja. Idan jirgi ya iso, ka hau tsanin ka nuna tikiti da fasfo a teburin karɓar baƙi, a ba ka katin jirgi. Wannan katin shi ne makullin ɗakinka, shi za ka nuna wa na'ura duk lokacin da ka fita da lokacin da ka dawo. Ka saurari bayanin tsaro, ka san inda rigar ceto take da wurin taruwa idan an busa ƙararrawa.

Ko sau ɗaya a tafiyar, ka daure ka tashi cikin dare ka ga yadda ake tsayawa a ƙaramar tasha. Na tsaya a bene a Finnmark wajen tsakar dare, dusar ƙanƙara na zuba a karkace cikin hasken fitila. Mutum ɗaya ne a ƙasa, sanye da riga mai ƙyalli. Aka jefa masa siririyar igiya, ya cafe, ya jawo babbar ya rataya a turken ƙarfe. Ƙofar gefen jirgi ta buɗe, motar ɗaga kaya ta shiga ta fito, ta shiga ta fito: kwalayen kayan masarufi, tayoyin mota, injin wanki a naɗe cikin leda, sannan aka shigar da akwatunan kifi. Wata dattijuwa ta sauko da ƙaramar jaka, wani yaro ya rugo ya karɓe mata. Kafin minti goma sha biyar an kwance igiya, fitilun garin sun fara ja da baya. Wannan shi ne aikin jirgin, kuma saboda irin wannan matar ake biyan kuɗin hanyar.

Daga nan sai dokar da ta fi kowace muhimmanci: jirgi ba ya jiran kowa. A bakin tsani ana rubuta lokacin tashi, ka ɗauki hotonsa da waya kafin ka taka ƙasa. Inda tsayuwar minti goma ce ko sha biyar, kada ka wuce dandamalin. Inda ake daɗewa, kamar Trondheim, Bodø, Tromsø, Honningsvåg da Kirkenes, akwai awa biyu zuwa huɗu, amma ka dawo saura minti ashirin. Wanda aka bari, shi zai nemi hanyar cim ma jirgi da kuɗinsa, kuma a Finnmark tashar da ke kusa ta ruwa tana iya zama tafiyar awoyi a mota.

Ci da sha

Abincin jirgi yana da kyau kuma yana da tsada. Mai tikitin tasha zuwa tasha yana iya sayen abinci a gidan cin abinci ko a ƙaramin kantin shayi, ko ya yi guzuri. Ni guzuri nake yi: burodi, cuku, kifin gwangwani, ƙwai da ayaba daga kantuna irin su Rema 1000, Kiwi ko Coop, waɗanda ba sa nisa da tasha a manyan garuruwa. Yawancinsu a rufe suke ranar Lahadi, don haka ka yi sayayyarka Asabar. Ruwan famfo mai kyau ne, ka riƙe gora ka riƙa cikawa.

Ga musulmi, kifi shi ne mafita, kuma nan gidansa ne. Ka riƙe kalmomin nan uku a kan fakiti ko takardar abinci: svin, skinke da bacon, duk alade ne. Ka tambaya ko an sa giya a miya, ma'aikatan suna jin Turanci kuma sun saba da tambayar.

Idan ka bi ta Lofoten tsakanin Fabrairu da Mayu, za ka ga manyan rumfunan katako a bakin ruwa, kifi rataye bibbiyu iya ganinka, iska na busar da shi ba gishiri ba hayaƙi. Warin zai riga ganin isa gare ka. Wannan shi ne busasshen kifin nan mai tauri kamar itace da ake sayarwa a kasuwanninmu, wanda Inyamurai ke kira okporoko. Najeriya na cikin manyan masu sayensa, musamman kawunan, waɗanda za ka gan su a shanye daban cikin dami.

Salla a kan ruwa

Mu da muka tashi muna cewa a fuskanci gabas, sai mun gyara tunani a nan. Daga Bergen alƙibla tana kudu maso gabas, kuma duk yadda ka ƙara arewa da gabas tana ƙara komawa kudu. A Kirkenes kusan kudu sak ce. Kamfas ɗin waya kan rikice a cikin ɗakin ƙarfe, gara ka fita bene ka duba, ko ka dubi taswirar da ke nuna inda jirgi ya dosa a allunan falo. Rangwamen matafiyi na ƙasaru da haɗa salloli yana nan, haka ma yin salla a zaune idan ruwa ya hana tsayuwa. Ka zauna da malaminka kafin tafiya ya warware maka su.

Babbar tambayar ita ce lokaci, a watannin da rana ba ta faɗuwa ko ba ta fitowa. A Tromsø akwai masallacin Alnor a tsakiyar gari, ana zuwa da ƙafa daga tasha, kuma yana cikin masallatan da suka fi kusa da ƙarshen arewacin duniya. Musulmin can suna bin lokutan Makka a irin waɗannan watanni. Ka sauke jadawalinsu kafin ka hau jirgi, ka bi abin da jama'ar wurin ke bi, maimakon manhajar waya da za ta nuna maka magariba da asuba a manne ko ta bar gurbin babu komai.

Idan teku ta tashi

Yawancin hanyar a bayan tsibirai take, ruwa kwance kamar tabki. Amma akwai wuraren da jirgi ke fita fili: Stad da safiyar farko bayan Bergen, Hustadvika kusa da Kristiansund, Folda kafin Rørvik, Vestfjord, Lopphavet bayan Skjervøy, sannan duk gaɓar da ke gabas da Honningsvåg, inda babu abin da ya tare tsakaninka da tekun Barents. Akan sanar kafin a shiga. Ka sayi maganin jirin tafiya a kantin magani tun a gari, ka sha awa guda kafin a kai wurin, domin idan amai ya fara maganin ba ya zama a ciki. Kada ka shiga da yunwa, kada kuma ka cika ciki da maiƙo. Ka ajiye waya da littafi, ka kafa ido a inda sama ta haɗu da ruwa, ko ka kwanta rigingine ka rufe ido. Hannu ɗaya kullum a kan ƙarfen riƙo, musamman a matakala. In an rufe ƙofar bene saboda iska, a rufe take.

Wani lokaci kyaftin kan tsallake tasha idan shiga cikinta na da haɗari, kuma hakan ya fi faruwa a ƙananan tashoshin Finnmark da hunturu. Idan a irin wannan tashar za ka hau ko ka sauka, ka ba da lambar wayar da ke aiki lokacin sayen tikiti, domin ta nan saƙo zai zo, kuma ka tambayi teburin karɓar baƙi tun da rana yadda ake ciki.

Ƙarshen hanya

A Honningsvåg jirgin arewa yana tsayawa isasshen lokacin da bas zai kai mutane Nordkapp, tsaunin da ya miƙe a kan teku kimanin kilomita 30 da ɗoriya daga gari. Ka yi rajistar bas ɗin ta cikin jirgi, domin shi ne aka tsara da lokacin tashi. Vardø, wadda ta fi Istanbul gabas, jirgin arewa da asuba yake taɓa ta, na kudu kuma da yamma, lokacin da za ka iya ganin tsohuwar ganuwarta.

Jirgi yana shiga Kirkenes da ƙarfe tara na safe, ya juya kudu da tsakar rana. Babu jirgin ƙasa a nan. Ko ka koma da jirgin ruwan ka ga abin da dare ya ɓoye maka, ko ka hau bas zuwa filin jirgin sama da ke wajen gari, inda ake tashi zuwa Oslo da Tromsø. Iyakar Rasha tana kusa, an kafa alamu, kuma taka ta ko da wasa laifi ne mai tara. Kada ka sayi tikitin jirgin saman da zai fitar da kai daga ƙasar a ranar da jirgin ruwa zai iso. Ka bar kwana ɗaya a tsakani, da hunturu ma biyu, ka kama ɗaki a Kirkenes ko Oslo tun kafin ka taso.